Ziyarar Wuraren Tarihi, Daga Dutsi Zuwa Landan

Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya je Ingila ya komo, ya san irin labarin da yakan fara bayarwa. In ya gama zancen sanyi da jirgin nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, sai ya shiga lissafa tsofaffin gine-ginen da aka zaga da shi ya gani. Mutanenmu kuwa sun daɗe suna zuwa can. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Landan a 1921, har ya gana da Sarkin Ingila. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka je, sa'an nan a 1943 Malam Abubakar Imam ya je tare da waɗansu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta littafin nan mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Al'adar mutanen birnin ce, baƙo babba ko ƙarami, ba su ganin sun sauke nauyinsa sai sun kai shi ya ga abin da kakanninsu suka bari.

To, mu nan fa? Da baƙo zai sauka Dauran ko Zurmi ya ce a nuna masa abin tarihi, yawancinmu shiru za mu yi, in ya matsa mu ce ya dakata sai Alhamis a kai shi kasuwar Shinkafi. Alhali kuwa ƙasar da muke takawa kullum a kanta aka kafa ɗaya daga cikin tsofaffin daulolin ƙasar Hausa, a kanta kuma aka yi yaƙe-yaƙen da suka sāke fasalin Arewa duka. Abin da Landan ta fi mu da shi, in an duba sosai, shi ne adani da rubutu. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda wannan adani yake, sa'an nan mu dubo abin da ke gare mu.

Gidan tarihi gida ne da ake tara kayan mutanen dā, a kiyaye su daga lalacewa, a kuma baje waɗansu don jama'a su gani su ƙaru. Mafi shahara a Landan shi ne wanda ake kira British Museum. Majalisar ƙasar ce ta kafa shi a 1753, aka buɗe wa jama'a a 1759, asalinsa kuwa tarin kayan wani likita ne mai suna Hans Sloane. Yanzu abin da ke cikinsa ya kai wajen miliyan 8, amma wanda mai ziyara yake gani bai wuce ɗaya cikin ɗari ba, sauran duk suna ɗakunan ajiya. Shiga kyauta ne. Mai kallo yakan ɗauka akwatunan gilashi da fitilu su ne gidan tarihi, amma ainihin aikin yana inda ba ya gani. Kowane abu da ya shigo sai an ba shi lamba, an shigar da shi cikin littafi, an rubuta inda aka samo shi, da wanda ya kawo, da shekarar da ya zo. Akwai ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan kullum, su hana danshi da ƙwari da hasken rana cin kayan. Tsingaro in aka san ramin da ya fito da zurfin ramin da abin da ke kwance kusa da shi, shaida ne da masani zai iya kafa hujja da shi. In aka ɓatar da wannan bayani ya koma fasasshiyar tukunya kawai.

Abin da mutane suka fi yi wa cincirindo a gidan nan wani ɓantaren dutse ne da aka tsinto a Masar a 1799, a wani gari da Turawa ke kira Rosetta. Ba shi da wani kyan gani. Darajarsa ita ce an rubuta magana guda a kansa da rubutu iri uku, ɗaya na Girkanci wanda aka iya karantawa, ta haka wani Bafaranshe ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. Watau dutsen da mai gini zai iya sakawa cikin harsashi bai ko waiwaya ba, shi ya buɗe tarihin shekaru dubbai.

Daga nan akan kai baƙo manyan majami'u, kamar ta St Paul, wadda aka sāke ginawa bayan gobarar da ta cinye Landan a 1666, aka gama wajen 1710. Masu zuwa kallonta da yawa ba Kirista ba ne, ginin suke zuwa gani da kaburburan manyan mayaƙan ƙasar da ke ciki. Kada kuma a zaci don da dutse aka yi irin waɗannan gine-gine shi ya sa suka daɗe su kaɗai. Gyara ake yi musu ba fashi. Babbar majami'ar Faris, babban birnin Faransa, wadda ake kira Notre-Dame, ta yi gobara a watan Afrilu na 2019, rufinta ya ƙone, aka tara kuɗi da magina aka tsaya kanta har aka sāke buɗe ta a Disamba na 2024.

Yanzu mu komo gida. A cikin ƙasar Zurmi akwai garin Dutsi, wanda masu tarihi suka haɗu a kan cewa shi ne mazaunin sarakunan Zamfara na farko. Jerin sarakunan yakan fara da Dakka, sa'an nan Jatau, da Jimir Dakka, da Kokai Kokai, da Dudufani. Masu ba da labari sun ce ƙatti ne irin Samudawa, kuma akan nuna waɗansu manyan kaburbura a can a ce nasu ne. Ko mutum ya yarda da zancen tsawonsu ko bai yarda ba, wurin yana nan, sunayen kuma suna nan, wanda kuwa ya buga jerin nan cikin littafi har duniya ta sani wani Bajamushe ne, Kurt Krieger, a birnin Balin a 1959, da harshen Jamusanci. Abin ya isa a yi tunani a kai, a ce ɗan Zurmi mai son karanta tarihin Dutsi sai ya nemi mai fassara.

Daga Dutsi sarauta ta tashi ta koma arewa, aka gina Birnin Zamfara can wajen ƙasar Isa, gaba da Shinkafi. Birnin ya ƙasaita, har Gobirawa suka yi ta gangarowa daga arewa suna neman wurin zama, aka ba su. Cikin waɗanda suka zo har da Babari, wanda aka bari ya sauka a gonakin alƙalin Zamfara, daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. Baƙo ya yi ƙarfi ya juya wa mai gida. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu zuwa Kiyawa, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan Yunfa ya zauna sa'ad da rigima ta tashi tsakaninsa da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804. Shi kansa Shehu ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana wa'azi tun kafin jihadi, saboda haka yana da almajirai da yawa a wannan yanki.

Cikinsu akwai Fulanin Alibawa na wajen Zurmi, jarumin da ya fi suna a cikinsu kuwa shi ne Muhammadu Namoda. Yana cikin shugabannin rundunar da ta kewaye Alƙalawa ƙarƙashin Muhammadu Bello, har aka ci birnin a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. Namoda bai daɗe ba bayan wannan, ya rasu a yaƙin Kiyawa a 1810. Sunansa ne garin Ƙauran Namoda yake ɗauke da shi, kabarinsa kuma yana cikin wuraren da ake ziyarta a can. Ku lura da sunayen sarautu ma, su kansu kayan tarihi ne da ba a sa su cikin gilashi ba. Sarkin Ƙaura ana ce masa Sarkin Kiyawa, na Zurmi kuwa Sarkin Zamfara. Yaron da ya tambayi dalilin da ya sa sarkin wani gari yake amsa sunan wani gari dabam, amsar da za a ba shi ita ce labarin nan duka da na kawo.

Kufan Alƙalawa yana nan a ƙasar Sabon Birni, na Kiyawa kuma bai yi nisa da Ƙaura ba. Wanda ya je irin waɗannan wurare yana tsammanin ganin soraye zai dawo da ɓacin rai, domin abin da ya rage tudu ne mai tsawo da ya kewaye fili, wanda dā ganuwa ce, da kwari a bayansa inda aka haƙi ƙasar ginin, da tsingaro barbaje cikin gonaki, da tsofaffin kukoki. Sai an koya wa ido kallo. Inda tudun ya yanke, galibi nan ƙofa take. Inda kukoki suka taru cikin daji, akwai alamar mutane sun taɓa zama, don kuka abokiyar zaman ɗan Adam ce a ƙasar nan. Inda aka ga baƙin kashin maƙera, nan aka narka tama. Inda aka ga ramuka jere masu bakin da ya taurare, wataƙila marina ce. Wanda ya bi tudun da ƙafa yana ƙirga taku har ya zagayo zai san girman birnin fiye da wanda ya karanta a littafi.

Har wa yau Zurmi tana cikin littattafan Turawan farko da suka ratsa ƙasar Hausa. Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya bi ta Zurmi a 1824, a tafiyar da ya gana da Sarkin Musulmi Bello a Sakkwato. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a 1853, ya ambaci Zurmi da Dutsi da Badarawa cikin littafinsa. Littattafan nan suna cikin manyan ɗakunan karatu na Landan da Balin, ana karanta sunayen garuruwanmu a can. Sai kuma abin tarihi na kusa-kusa, watau tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a 1929. Don gyaɗa da auduga aka shimfiɗa ta, ita ce kuma ta jawo kamfanonin ciniki da baƙi daga kudu, ta mai da Ƙaura babban gari. Kakannin da yawa daga cikinmu a jaki ko raƙumi suka kai gyaɗarsu bakin sikelin tashar nan.

Me ya sa namu suke ɓacewa? Dalili na farko ƙasa ce. Ganuwa da tubali da laka ake yin ta, ginin ƙasa kuwa yana iya shekara ɗaruruwa, amma da sharaɗin a riƙa yi masa yaɓe bayan kowace damina. A zamanin dā sarki ne yake sa a yi gayya, kowace unguwa da kowane ƙauye da rabonsa na bango, domin kowa ya san in ganuwa ta zube mahara za su shigo. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903 yaƙin gari da gari ya ƙare, gayyar ganuwa ta mutu tare da shi. Ruwa ya yi ta zaizaya, masu gini suka mai da ita wurin ɗibar ƙasa, manoma suka shigar da garma. Ko ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara ɗari tara da suka wuce, yawancinta ta tafi ta wannan hanya. Surame, birnin Kanta na Kabi, da yake an sa duwatsu cikin gininsa, bangayensa sun fi jurewa.

Duk da haka akwai inda aka tsaya aka yi adani, kuma ba sai an hau jirgin sama ba. Hanyar da ta bi ta Zurmi da Jibiya tana kai mutum Katsina, inda hasumiyar Gobarau take tsaye, tsawonta wajen ƙafa 50, ginin ƙasa, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara ɗari biyar ke nan. Ta rage ne don an yi ta gyara ta. A birnin kuma akwai tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda aka mayar gidan tarihi. Ɗalibi ya kamata ya tsaya cikin ɗakunan nan ya dubi ƙanƙantarsu, ya tuna irin mutanen da suka fito daga ciki.

A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1817. Wannan wurin ziyara ne da addu'a, yana da ladubbansa, ba a shiga da takalmi ko hayaniya, kamar yadda su ma masu majami'un Turai suke neman mai kallo ya rage murya ya kuma girmama masu ibada. Akwai kuma gidan tarihi mai sunan Waziri Junaidu, malamin nan da ya rasu a 1997, inda aka tara rubuce-rubucen hannu da wasiƙun sarakuna da makamai. Ga mutumin Zamfara nan ne ya fi amfani, don har zuwa ranar 1 ga Oktoba 1996 jiha ɗaya muke da Sakkwato, takardun da suka shafi gundumominmu da yawa can suka nufa.

Wanda ya fi cika sunan gidan tarihi a kusa da mu shi ne Gidan Makama na Kano. Ginin kansa shi ne abin kallo na farko, don tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mai shiga ya ɗaga kai ya dubi daurin guga, yadda magina suka tanƙwara azara da laka suka rufe ɗaki mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba, ya kuma lura da sanyin ɗakin ko da rana ta take. Ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da sulke da lifidi da kwalkwali, da kayan masu sana'a, da hotunan zuwan Turawa. Kuskuren da 'yan makaranta suka fi yi a irin wannan wuri shi ne gudu daga ɗaki zuwa ɗaki ana ɗaukar hoto, a fito ba a riƙe kome ba. Gara mutum ya zaɓi abu uku ko huɗu ya tsaya kansu. In sulke ne, ya tambayi nauyinsa, da inda aka ƙera shi, da ko nawa ne mai iya mallakarsa a cikin runduna, da abin da dakaren da ba shi da doki yake sawa. Ma'aikatan wurin sun fi jin daɗin mai tambaya, kuma sukan san abin da ba a rubuta jikin allo ba.

Na sha jin waɗansu suna cewa gidan tarihi gidan gumaka ne, bai kamata Musulmi ya shiga ba. A ganina an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kallon abin da mutanen dā suka bauta wa don a san yadda suka rayu dabam yake da bauta masa, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umurni da a yi tafiya cikin ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Shugabannin jihadi ma ba su raina tarihi ba, Sarkin Musulmi Bello da kansa ya rubuta labarin ƙasashen nan da mutanensu na dā cikin Infaƙul Maisuri.

Wannan ƙyama tana da hasara da ba kowa ya sani ba, ga misalinta a jiharmu. A Kwatarkwashi, kusa da Gusau, da waɗansu wurare na ƙasar Katsina da Sakkwato, akwai mutum-mutumi na gasasshen yumɓu binne cikin ƙasa, 'yan'uwan waɗanda aka fara samu a Nok, masana suna ƙiyasta shekarunsu wajen dubu biyu. A shekarun 1990 dillalai suka gano haka, suka riƙa ba talakawa 'yan kuɗi kaɗan suna haƙowa, ana fitar da su ta kan iyaka a ɓoye zuwa kasuwannin Turai. Mai haƙa yana ganin ya rabu da gunki ya kuma sami na cefane. Abin ya yi yawa har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa irin waɗannan kaya cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, a shekarar 2000. A wannan shekara kuma aka buɗe wani sabon sashe a Louvre, babban gidan tarihi na Faris, sai ga guda uku daga Nijeriya a ciki, biyu na Nok, ɗaya an rubuta masa Sakkwato. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amsa cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25.

A dubi kalmar nan Sakkwato da aka rubuta. Suna ne da 'yan kasuwar suke laƙaba wa duk abin da ya yi kama da na wannan yanki, ba ya nuna gari ko rami. Da masana ne suka haƙa a hankali, da an san ko kabari ne ko wurin ibada ko gida, da an auna gawayin da ke kusa an san shekarun daidai, da mun san ko su wane ne suka zauna ƙasar nan tun kafin a ji sunan Dakka. Ko an dawo da kayan gobe, wannan ilmi ya riga ya tafi tare da ƙasar da aka watsar. Kayan tagulla na Binin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda wajen 900 suke British Museum, an san fadar da suka fito, shi ya sa ake iya neman su da hujja, har Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 a 2022. Namu na yumɓu ba su da ko wannan gata. Doka kuwa tana nan tun 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izni ba. Amma doka ba ta tsare rami cikin daji in mutanen wurin ba su san darajar abin da ke ciki ba.

Ba zan ɓoye ba, yawancin wuraren da na ambata na kusa da mu ba su ziyartuwa cikin kwanciyar hankali a halin da ake ciki. Tun wajen 2011 da ta'adin 'yan bindiga ya tsananta a Zamfara, hanyoyi da yawa sun zama sai da shawara, kuma ba malamin da zai ɗebi yara ya nufi kufai da su cikin daji. Kada kowa ya ce na aike shi. Sai dai akwai wata hasara cikin wannan fitina da ba a cika lissafa ta ba. Ƙauyen da ya watse, tsofaffinsa sukan tarwatse zuwa Ƙaura ko Gusau ko Katsina, su ne kuwa masu sanin kabarin wane ne wancan, da sunan tsohuwar ƙofa, da inda kasuwa take kafin a tashe ta. Tudu zai iya jiran a sami lafiya, tsoho mai shekara tamanin ba shi da wannan lokaci.

Saboda haka aikin da ya fi gaggawa yana cikin gari, kuma bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. A sami dattijo, ko maroƙin fada, ko tsohuwar da ta iya kirarin gidansu, a gaishe su yadda ya kamata, a nemi izni a ɗauki maganarsu da waya, sa'an nan a zauna a rubuta ta kamar yadda suka faɗa, ba gyara, da sunan mai maganar da garinsu da ranar da aka yi hirar. In biyu sun saɓa a kan jerin sarakuna, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗi. Masu kiɗan fada sukan riƙe sunayen sarakuna bi da bi cikin waƙa fiye da yadda 'ya'yan gidan suke riƙewa.

Makaranta kuma tana iya ware kabad guda a ɗakin karatu. Abin da za a sa ciki yana gidajenmu ana shirin jefar da shi: akushi, da mazari, da ƙoshiyar masaƙa, da wuri, da anini mai huda, da sulen da aka daina karɓa bayan shigowar naira a 1973, da tsohuwar takardar haraji ta zamanin En'e, da rasit na gyaɗa in an dace. Kowanne a ba shi lamba, a ɗaura masa 'yar takarda, a shigar cikin littafi guda mai kauri: mene ne, na wane ne, daga wane gari, wa ya kawo, yaushe. Wannan shi ne daidai abin da ma'aikatan Landan suke yi, bambancin yawa ne kawai. Abin da aka tsinta a gona kuwa, kamar tsingaro mai zane ko kan mutum-mutumi, kada a ci gaba da tono, a ɗauki hotonsa a inda yake, a auna taku nawa ne daga wata bishiya ko dutse da ba ya gusawa, a sanar da mai gari da malamin tarihi don su kai magana ga hukuma. Takardu a raba su da bango da ƙasa saboda gara, a sa su cikin akwatin ƙarfe, a riƙa fito da su ana dubawa farkon damina da ƙarshenta. Lambar kuma da fensir za a rubuta a bayan takarda, domin tawadar biro tana ratsawa ta ɓata rubutun da ke gaba.